Ƙamshin Mayafin Amarya

Zuwa ga taubashina, Likitan Sukari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da wannan tumbin da aka ce ka ajiye. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ke ba ni labarin ruwa tun hadari bai haɗu ba. Ta'aziyyarka ta iso, an karanta wa Yaya, ya ce Allah ya ba da lada. Ni kam na gaji da amsa gaisuwar haƙuri. Ka san kasuwa. Wanda bai taɓa sayen ko ɗigon turare a rumfata ba, shi ma sai ya tsaya ya karkatar da kai ya ce mini ya haƙuri, ya tare wa masu saye hanya.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar Yaya ce. Tun da matarsa Amarya ta rasu bai buɗe shagon ɗinkinsa ba. Har yanzu Amarya muke ce mata. Ta yi furfura a gidan nan, ta aurar da 'ya, amma sunan bai sake ta ba. Keken yana nan lulluɓe da tsohon zane, yadin mutane jibge a kan tebur. Masu kaya sun yi kawaici har kawaicin ya ƙare, wasu sun fara zuwa karɓar abinsu ba ɗinki. Shi kuwa yana ɗakinta a bakin gado, riƙe da mayafinta ruwan toka, wanda take ratayewa a bayan ƙofa. Ya kai hanci, ya sauke, ya sake kaiwa. In na kai masa abinci ya taɓa ya ture. Tela guda, yanzu da igiya yake ɗaure wando.

Ɗakina manne yake da shagon, ka sani. Shekara da shekaru ƙarar keken nan ce ke tashe ni, ina zaginta. Yanzu shiru ne ke tashe ni.

Ka tuna Yaya na gidan Kaka? Mai fito da baki cike da allurai, wanda ya ɗinka maka riga mai aljihu a baya don kada ka ga lokacin da nake yashe ka? Shi nake so ya dawo.

An ce shagon da kake aiki na wani likita ne mai ba da ƙananan ƙwayoyi farare, irin waɗanda kuke kira homiyofati, kuma wai har da na baƙin ciki. Ni 'yar kasuwa ce, na san yadda ake sayar da ruwa a kwalba mai kyau. Amma asibiti sun duba sun ce jikinsa ba komai, addu'a kuma ba mu fasa ba. Don haka aiko mini.

Taka,
Hanci, tunda ka ƙi mance sunan.

*

Zuwa ga Hanci,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, tumbi ma yana amsawa. Yaya zan mance sunan? Ke ce kika shinshina bakina kika gaya wa Kaka ni na huda gwangwanin madara, alhali har goge leɓe na yi da ƙasa. Dukan da na sha ranar har yau yana cikin lissafina.

Wasiƙarki ta ɗaga mini hankali. Na kai wa maigidana maganar, ya ce ba haka ake yi ba. A wurinsa ba a cewa ba ni maganin baƙin ciki kamar mai sayen sabulu. Ba ya tambayar inda ke ciwo, tambaya yake wane irin mutum ne mai ciwon. Wai baƙin ciki ɗaya ne, amma masu ɗaukarsa iri-iri ne, kowa da ƙwayarsa.

Biyu ne suka fi zuwa mana. Akwai mai yawan ajiyar zuciya, wanda yake jin wani abu ya tokare masa maƙogwaro, yana cikin dariya sai kuka, ba ya jin kunyar kowa ya gani. Sannan akwai mai ƙunshewa. Shi wannan ba za ki ga hawayensa ba. In aka ce masa sannu sai ransa ya ɓaci, yana kwaɗayin gishiri, rana tana sa masa ciwon kai, yana ajiye tsofaffin abubuwa yana cewa ba don komai ya ajiye ba. Aiki yake kamar an aiko shi, kuma shi ne mai kula da kukan kowa a gida.

To ki duba mini Yaya da kyau, ki rubuto wanne ne. Kada ki yi mini irin awon kasuwa, ki rage nan ki ƙara can.

Allah ya ji ƙan Amarya. Ranar da zan bar gida, ita ce ta biyo ni har tasha da ƙunshin guzuri a ƙyalle, ta ce in na yi arziki kada in dawo da wata irin magana ta hanci. Ban yi arzikin ba, ban kuma dawo ba.

Naki,
Taubashinki.

*

Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta lafa, ciwon kai ne ya karɓe ta. Amma wannan ciwon duk mai zaman rumfa ne, rana ce, kada ka rubuta shi a littafin maigidanka.

Na yi maka aikin. Ajiyar zuciya kam Yaya ya fi tsohuwar taya. Kuka kuma ba ya zaɓen wuri. Shekaranjiya mai gyaran famfo ya shigo, kafin ya kwance ƙarfe ɗaya Yaya ya zaunar da shi yana ba shi labarin yadda Amarya take share shago da sassafe, ta karkaɗe zare, ta ɗiga wa keke mai, ta goge yatsu a gefen mayafi yana yi mata faɗa. Bawan Allah ya tafi da jan ido, famfo na nan yana zuba. Masu zuwa gaisuwa kuwa so yake su zauna, ni ce nake tsayawa a ƙofa ina rage su.

Gishiri babu ruwansa da shi. Hasali ma ƙorafi yake wai miyata ta yi gishiri kwanan nan, ni kuwa ban ji ba. Tsofaffin kaya ba ya ajiye komai sai mayafin nan da akwatin kayanta, wanda yake buɗewa ya zauna a gabansa kamar mai jin ɗumi.

Ni dai ban ajiye komai nata ba. Kwalbar da nake haɗa mata turare ce kawai a ƙasan teburina, ita ma don kwalba ce mai kauri, ba a samun irinta yanzu. Ka san tun tana budurwa a gidan da ke kallon na Kaka ni ke haɗa mata. Ita ce mai sayen farko a wurina, lokacin da jarina bai wuce faranti ɗaya ba. Haɗin nan ban taɓa sayar wa kowa ba. Matar wani babba ta bi ni har gida a kansa, na ba ta wani abu na ce shi ne, ta tafi tana godiya.

Ka ga dai na farko ne. Aiko, surutu ya isa.

Hanci.

*

Hanci,

Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ga kwalba nan cikin auduga, ta mai ajiyar zuciya ce. Ga yadda maigida ya ce a yi. Ba a taɓa ƙwayar da hannu, a murfi ake kaɗa ta, a zuba ƙarƙashin harshe, a bar ta ta narke. Kada ya ci komai dab da sha. Babban abin kuma shi ne ƙamshi. Maigida ya ce ƙwayar nan ba ta shiri da wari mai ƙarfi, kafur ne, man zafi ne, turare ne, duk suna kashe mata ƙarfi. Da na gaya masa sana'ar wadda zan aika wa, sai da ya cire tabarau ya dube ni.

Na san za ki lasa ki ce sukari ne. Ki lasa ɗaya, ba biyar ba.

Ki gaishe da Yaya. Ki ce masa rigar mai aljihu a baya na yafe.

Taubashinki.

*

Likita,

A gurguje nake rubutu, ga masu saye a kaina. Kwalba ta iso, na lasa, sukari ne. Yaya yana sha ba gardama, amma ban ga canji ba ko na ƙwayar zarra. Na zauna na yi tunani. Ka ce turare yana kashe ta. To ai ɗakin da yake kwana ba ɗaki ba ne, rumfata ce ta biyu. Labule, zanen gado, akwati, mayafi, duk haɗina ne ya kama su shekara da shekaru. Mutum yana tsotsar ƙwaya hancinsa na cikin mayafi, ina za ta yi aiki?

Tambaya ɗaya ce. In wanke ɗakin, ko in bari? Ka tambayi mai tabarau ka amsa mini da wuri. Ba na son jira, ka san ni.

Hanci.

*

Taubashi,

Ina fatan lafiya ce ta hana ka amsa. Mu nan jiki lafiya. Sauran kuma ga shi.

Na jira ka. Kullum sai na bi ta wurin mai karɓar saƙo, har ya fara tsammanin sonsa nake. Yaya kuma yana ta zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai na ce da kaina, shirun likita ai amsa ce, da akwai matsala da ya yi magana.

Ran nan da safe ya tafi maƙabarta ziyara. Na hana kaina kasuwa. Na sauke labule, na yaye gado, na juye akwati a tsakar gida, na samo sabulu marar ƙamshi. Ka san ni da aiki, ba na yin rabi. Mayafin nan sau uku na sake masa ruwa. Na buɗe taga, na wanke daɓe, na shanya komai a rana. Har waƙa nake yi, taubashi. Ina jin kaina kamar wadda ta yi dabara.

Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin, bai shiga ba. Ya juyo ya bi igiya da ido har ya ga mayafin. Ya je ya cire shi, ya kai hanci, ya daɗe. Ya juya ɗaya gefen, ya sake kaiwa. Sannan ya mayar da shi kan igiya, ya gyara masa zama, ya maƙale shi da kyau don kada iska ta yar.

Ya ce, "Kin wanke ta."

Ban ji muryarsa ba tun daga nan. Ba faɗa, ba zagi. Da ma zagina ya yi. Ya kwashe tabarmarsa ya koma baranda, ya ajiye mini kwalbarka a bakin ƙofa. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kamar ana gaishe shi daga mota. Da ina da ɗan'uwa mai kuka, yanzu ina da baƙo.

Ni da nake gane jabu daga bakin layi, ni da nake gaya wa mace abin da ta dafa jiya daga warin gyalenta, ban san abin da mutumin nan yake shaƙa ba. Na ɗauka turare ne.

Kada ka rubuto mini sannu. In ka rubuta, zan yaga.

Hanci.

*

Hanci,

Ba zan ce sannu ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni a gida, wasiƙunki biyu suna shago a ƙarƙashin sikeli, tare na karanta su. Na warke, sai dai tumbi ya ragu. Amsar ta farko gajeriya ce, kuma ba ta da amfani yanzu: kwalbar kawai ake sawa a gwangwani a rufe. Laifina ne da ban faɗa tun farko ba, na san wadda nake rubuta wa.

Tunda abin ya kai haka, bari in gaya miki abin da ba na faɗa a shago. Ban san abin da ƙwayar nan take yi a cikin jiki ba. Maigida ya yarda da ita, wasu likitoci suna yi masa dariya, ni kuwa naɗe kwalba nake. Abin da na gani da idona shi ne bencin da ke gaban teburinsa. Mutum ya zauna, a yi ta tambayarsa yaya barcinka, me kake ajiyewa, wa kake mafarki, sai ka ga ƙato ya rushe da kuka tun ba a buɗe kwalba ba. Wataƙila rabin maganin a bencin yake.

Na sake karanta wasiƙunki a jere. Akwai wata a gidan nan da take korar masu gaisuwa, miyarta ta yi gishiri ba ta ji ba, rana tana sara mata kai, ta ɓoye kwalba a ƙasan tebur wai don kaurinta. Duk kin ba ni labarin matar Yaya. Ba ki ba ni labarin ƙawarki ba ko layi ɗaya. Ban aiko da ƙwaya ta biyu ba, don na san inda za ki jefa ta.

Ga shawarar marar hanci. Ke kika haɗa ƙamshin nan, ba daga sama ya faɗo ba. Fito da kwalbar.

Wani abu kuma, ki yi dariya in kin so. A garin nan duk lokacin da na wuce ƙofar shagon tela sai Amarya ta faɗo mini, har in ji kamar ƙunshin tashar nan yana hannuna. Ban san dalili ba.

Taubashinki.

*

Zuwa ga Likitan Sukari,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin warkewarka, Allah ya mayar da tumbi. Ka ga na daɗe ban rubuto ba. Fushi nake da kai, sannan aiki nake, sannan kuma ban san ta inda zan fara ba.

Da na karanta maganar shagon tela na ce, ji sakarai, matar tela ce, da shagon mahauci zai tuna ta? Na jefa wasiƙar cikin kwando. Amma kwalbar na fito da ita.

Hannuna bai mance ba. Sandal a ƙasa, wardi a kai, miski kaɗan, kanumfari wanda ya kwana a mai. Na haɗa, na ɗiga a auduga, na ajiye wa Yaya a gefen tabarma. Ya ɗauka ya shinshina ya ajiye. Washegari na rage wardi. Na ƙara miski. Na turara da hayaƙin gawayi, ko warin murhu ne ya ɓace. Na sa a jikina na yini da shi a rana. Rannan dai ya gaji da ni, ya ce, "Ba ita ba ce." Wallahi daɗi na ji, don magana ce. Kuma gaskiyarsa ne, ni ma na sani. Turaren ne, amma babu kowa a cikinsa.

Sai audugata ta ƙare. Ka san tun da can da ƙyallayen shagon Yaya nake gwada wa mutane turare. Na ɗauki mabuɗi na shiga. Ƙura ta rufe komai, almakashi na nan a buɗe inda ya bar shi. Na durƙusa ƙarƙashin keke na jawo wani ɗan ƙyalle, duk ya yi dabbare da mai, na ce ba komai, gwaji ne. Na ɗiga haɗin a kai, na kai hanci.

Taubashi, sai ga ta. Kamar ta shigo ta bayana za ta ce in matsa ta yi shara.

Man keke ne. Abin da take gogewa a gefen mayafi kullum safiya, yana yi mata faɗa. Shekara nawa ina taƙama haɗina ne ƙamshinta, ashe rabi nawa ne, rabi na Yaya. Kai da ko madara ba ka iya ɓoyewa, kai ka ji shi daga wata uwa duniya.

A nan ƙasan keken na zauna. Ba zan ba ka labari ba, kada ka kai wa mai tabarau ya yi murna. Ka dai sani ban je kasuwa ba ranar, kuma maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani ne ya sake rasuwa. Ƙawata ce tun muna tsallen igiya. Ita kaɗai ce ta san ranar da nake dariyar gaske da ranar da nake ta kasuwa.

Da na wanke fuska na kai wa Yaya ƙyallen. Ya kai hanci. Bai sauke ba sai da kafaɗunsa suka fara rawa. Can ya tambaye ni me na ƙara. Na ce sirrin sana'a ne, ba a faɗa. Abin da zan iya gaya masa kawai, haɗin nan ba ya kama auduga, ba ya kama sabon yadi, sai ƙyallen da ya faɗo daga keke mai aiki. Kuma na kwanan nan, don tsoho yana sakin ƙamshi. Wannan ma na hannunsa ba zai daɗe ba.

Ya dube ni irin kallon da yake mini in na ce ban ga canjin kuɗinsa ba. Ya ce, "Hanci, ke dai 'yar kasuwa ce." Na ce ban taɓa musu ba.

Bai ce zai buɗe ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Mayafin yana bayan ƙofa, a wanke, wannan kam ba ni da yadda zan yi da shi, kuma na san wani gefe na ransa ba zai mance mini ba. Ƙwayoyinka suna cikin gwangwani a rufe, yadda aka ce, tururuwa suna zagaye suna neman hanya. Ta biyun kuma, in ka ga dama ka aiko. Akwai wata mata a layinmu da nake jin za ta dace da ita. Ba alkawarin sha ta yi ba.

Rubutun nan ka ga ya karkace, ba gwiwa ba ce, teburina ne ke jingine da bangon shago. Tun da sassafe yake girgiza. Yaya ya fara da rage wa kansa wando. Ɗazu ya ƙwala mini kira ta taga, wai wa ya taɓa masa almakashi, kuma wai in zo in kwashe ƙyallayena kafin ya share.

Bari in je, kada ya share.

Taka,
Hanci.